Yadda Unaisi Ta Raba Apakuki Da Bindigarsa

"Ashe ka kwana da rai, ɗan kawuna? Na taho da shirin kuka, ga shi ka ɓata mini tafiya."

"Koma ki dawo jibi, 'yar gwaggona. Tunda na fara da ganin fuskarki da safen nan, ai kwanana ya kusa ƙarewa."

Haka Unaisi da Apakuki suka gaisa a safiyar da nake son ba ku labarinta, haka kuma suke gaisawa tun suna yara. Yau kwana goma sha ɗaya da muka binne Apakuki. Abokina ne tun muna tonon kaguwa a bakin teku, ni da shi ba mu taɓa kwana da fushin juna ba. Mutane suna ta zuwa yi mini ta'aziyya suna faɗin kirkinsa, kuma gaskiya suke faɗa. Amma ni waccan safiya ce take ta dawo mini, ta shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. In na tuna ta sai in yi ta dariya ni kaɗai, in share ido, in sake.

A shekarar wani ƙaton aladen daji ya addabi ƙauyenmu, nan tsibirin Vanua Levu na Fiji. Gonar doyar Apakuki ce a bakin daji, ita ya fi yi wa ɓarna. Shi kuwa Apakuki yana da bindiga, ita kaɗai ce a ƙauyen. Wurin Turawan jirgi ya samo ta, bayan ya yi wata shida cikin hayaƙi yana busar musu da wata tsutsar teku da suke fataucinta. Ta tsufa tun kafin ta zo hannunsa. In ya tsayar da ita tana kai masa haɓa, nauyinta kuwa sai ya ɗora bakinta a kan gwafa kafin ya iya saiti. Akwai wata 'yar tsaga a jikin ƙarfen, kusa da gindi, ya naɗe ta da igiyar kwakwa ya ce ta warke.

A lokacin duk mun yarda cewa gwargwadon girman abin harbi ake zuba albarushi. In an zuba, sai a zura sandar ɗuri, abin da ya yi saura a waje a auna shi da yatsu. Tsuntsu yatsa ɗaya, talaka uku, basarake biyar. Apakuki ya ce wannan alade ya wuce basarake, shida zai zuba masa, kuma washegari da yamma zai je ya tare shi. Ga shi kuwa shekara guda kafin nan wani mutumin ƙauyen gaba, Manasa, ya zuba biyar a bindiga irin wannan, ta fashe a fuskarsa, bai sake tashi ba.

Na yi wa Apakuki magana, ya ce tsoro ne da ni. Matarsa Lavenia ta yi kuka, ya ce kukan mata ba ya tsare doya. Da na rasa yadda zan yi, sai na je wurin Unaisi, taubashiyarsa.

A wurinmu taubashi ba ya roƙon taubashinsa. Abin da ya gani a gidansa ya ɗora wa hannu, ya zama nasa ke nan, ba fushi, ba kai ƙara. Abu ɗaya ne ba a taɓawa, wato abin da ke hannun mutum ko a jikinsa. Sannan taubasai ba sa faɗa wa juna magana mai daɗi. Ko Unaisi za ta mutu da fargaba, ba ta da bakin ce masa, "Ina jin tsoro, kada ka je." Sai dai ta zage shi.

Apakuki ya san al'ada sarai. Da gari ya waye, tun da ya hango ta tana saukowa da makankarin kwakwa a kafaɗa, ya tattara komai. Ya rungume bindiga, ya rataya gorar albarushi da jakar darma a wuya, ya maƙale gwafa a hammata, ya ɗora gammon kafaɗa. Ni ina zaune a gindin bishiya ina gyaran koma, kamar ban san komai ba.

"Ina za ka da kaya haka?" in ji Unaisi. "Lavenia ta kore ka ne? Na daɗe ina mamakin haƙurinta."

"Ɓarauniya na hango, na killace kayana. Kifi na ganinki, mai jar koma."

"Wa zai saci wannan? Ni na ɗauka turken alade ka tumɓuko. Ajiye ta ka ba ni hannu mu gaisa kamar mutane."

"Gaisuwar baki ta isa. Bara na ba ki hannu, kafin in karɓe shi gatarina ya bi ki gida."

"Gatarin ne ya gaji da zama wurin malalaci. Har yau in na ɗauko shi sai ya yi mini godiya." Ta ajiye makankari ta zauna a kai. "Na ji an ce yau za ka je ka kai wa alade abinci."

"Zan je in kashe shi."

"Da me?"

"Da wannan da kike gani. Ranar da na harba ta a bakin teku, kifi ɗari uku suka fito suka miƙa wuya. Mutanen tsibirin ƙetare suka ɗauka tsawa ce, suka kwashe shanyarsu."

"Ina wurin ai. Ƙara na ji, na duba ban gan ka ba. Sai can muka hango ƙafafu biyu suna reto a cikin ciyawa. Ni har yau ban gane ba, ɗan kawuna. Wannan bindiga taka, ta wane ɓangaren take harbi? Wanda ke gabanta yana tafiya gida lafiya, na bayanta ake ɗaukowa."

"Ba faɗuwa na yi ba. Kwanciya na yi don in ga inda darma ta bi a sama."

"Kwana tara Lavenia tana ba ka abinci a baki saboda kafaɗa."

"Soyayya ce. Ke ina kika san ta? Mijinki ma kullum yana teku, ya ce gara kifin da ke cin mutane."

Unaisi ta yi dariya har ta buga cinya, don ta ji daɗin wannan. Amma na ga idonta yana kan igiyar kwakwar nan da ke naɗe a jikin ƙarfen.

"To, mu ce ka harba, ka kuskure," in ji ta. "Don kuskurewa za ka yi, kai da ko bakinka ba ka iya saita da loma. Alade ya taso maka. Sai me?"

"Sai in sake ɗura ta."

"Kafin ka ɗura, alade ya cinye doya, ya yi barci, ya yi aure, ya aurar da jikoki."

"Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba. Kakanmu da mashi biyar yake fita, kafin ka ce kwabo ya jefa duka. Kai kuwa sai ka zuba, ka tura, ka daka, ka leƙa, kamar tsohuwa mai haɗa magani."

"Kafin kwakwa ta faɗo daga bishiya ta taɓa ƙasa na ɗura ta sau biyu."

"Gani ya kori ji." Ta jawo kwakwa ɗaya daga kwandon Lavenia, ba ta tambayi kowa ba. "Ni zan fasa wannan, in kankare ta, in matse madararta. Kai ka ɗura ka harbi ruɓaɓɓen kututturen ayabar can na bakin fadamar gwaza. In ka riga ni, gatarinka zai kwana a gidanka yau. Setariki ne shaida."

Ni ne Setariki. Ba haka muka yi da ita ba. Na je wurinta ne don ta hana shi harbi, ga shi ita ce take sa shi. Na buɗe baki zan yi magana, ta harare ni, na mayar da kai kan koma.

"Yatsa nawa za ka zuba wa kututturen?" in ji ta. "Shida ko? Ya dace. Sa'anka ne, tare kuka ruɓe."

"Ki ji jahilci. Ruɓaɓɓen kututture zan girmama da awon da ya wuce na basarake? Ko talaka bai kai ba."

"Tsoronsa kake ji, shi ya sa na ce ka cika. Zuba masa ko biyar ne, kada ya taso maka."

"Biyu. Su ma alfarma na yi masa don yana cikin gonar matata."

"Biyu kacal?"

"Na ce biyu. Setariki, zo ka auna da idonka, kada ta ce na yi ha'inci."

Sai a lokacin na gane abin da ta yi. Da ta ce masa ya rage, da ƙarawa zai yi.

Na ɗaga hannu na sauke, suka fara. Unaisi ta buga kwakwa sau ɗaya ta rabe biyu, ta duƙa kan makankari. Apakuki ya tsayar da bindiga gindinta a ƙasa, ya riƙe ta da hannun hagu, ya kai na dama ga gorar albarushi. Yana ɗaga hannun, gwafa ta sulale daga hammata. Ba ta gama kwanciya a ƙasa ba Unaisi ta miƙa ƙafa ta jawo ta.

"Na gode. Daman ina neman abin tokare igiyar shanya."

"Ki riƙe. Namiji irina ba ya bukatar gwafa."

Ya zuba albarushi, ya yagi ƙyalle ya cusa, ya zaro sandar ɗuri ya daka. Na matso na auna, yatsa biyu cif. Yana sunkuyawa ya ciro darma daga jaka, gammo ya zame daga kafaɗa. Hannunta duk farin kwakwa, ta ɗauke shi ta zauna a kai.

"Wannan ma na gode. Makankarin nan yana da tauri."

Ya jefa darma, ya sake cusa ƙyalle, ya sake dakawa. Saura ya zuba ɗan albarushi a kaskon gefe ya gyara ƙanƙara, aikin kuwa na hannu biyu ne. Ya dubi sandar ɗuri, ya dubi Unaisi, sai ya cije sandar a baki.

"Allah na gode maka," in ji Unaisi tana kankara. "Shekara arba'in ina addu'a a sami abin da zai toshe bakin nan. Setariki, dube shi. Kamar karen da ya sato ƙashin da ya fi ƙarfinsa."

Apakuki ya yi gurnani, idonsa ya yi ja.

"Ka san ranar da aka haife shi, gwaggo Litia da ta karɓi haihuwar ta ɗauka mabiyiya ce, ta ce a je a binne? Uwarsa ce ta ce a bari a gani ko zai yi motsi. Har yau ana jira."

Abokina yana iya jure yunwa, yana iya jure ciwo, na gan shi ya yi kwana biyu a kifaffen kwalekwale bai yi ƙorafi ba. Amma ya ji zagin Unaisi ya yi shiru, wannan bai taɓa iyawa ba.

"Ke da aka haife ki kaji suka daina ƙwai wata—"

Sanda ta faɗi. Ta ɗora mata tafin ƙafa.

"Ƙarasa mana, ina jin ka. Wata nawa?"

"Uku," in ji shi, yana ja da kunama baya. "Kuma ba na bukatar sandar, na gama."

"Ni ma ga madara ina matsa."

Ya ruga bakin fadama don ya riga ta, ya tsaya a kan laka. Ya ɗaga bindiga ba gwafa, ba gammo, bakinta yana ta lilo kamar reshe a iska. Ya ja kunama. Ƙanƙara ta ce ƙas, ba wuta. Ya sake ja baya, ya sake dannawa. Ƙas. A na uku kasko ya kama, hayaƙi ya tashi fuu, sai shiru. Albarushin ya sha raɓa, wutar tana tafiya a hankali a ciki, mu duka ba mu sani ba.

"Sannu," in ji Unaisi. "Bindigarka ta yi atishawa. A kawo mata bargo?"

Ya sassauta gindin daga kafaɗa, ya juyo da kai. "Ke dai bakinki ne ya—"

Sai ta tashi.

Tsuntsaye suka watse, karnuka suka shige ƙarƙashin rumbu. Da hayaƙi ya yaye, Apakuki yana kwance rigingine a tsakiyar fadamar gwaza, laka har kunne, ganye ɗaya a kan cikinsa. Kututturen ayaba yana tsaye lafiya lau. Bindiga kuwa ta yi tsalle ta bar hannunsa, ta faɗi a kan ciyawa, taku huɗu daga inda Unaisi take. Ta miƙe ba gaggawa, ta goge hannu a zane, ta je ta ɗora tafinta a kan katakon gindin.

"Setariki, a hannunsa take?"

"Ba ta hannunsa."

"A jikinsa take?"

"Laka ce kaɗai a jikinsa."

Can bayanmu, nesa da inda ya saita, wata kwakwa ta faɗo daga bishiya, tim.

"Kun gani?" in ji Apakuki daga cikin laka. "Ita na nufa. Na ga kututturen bai cancanci darma ba."

Na shiga na jawo shi muna dariya, yana dafe da kafaɗa. Muka iso inda bindigar take, sai dariyar ta tsaya. Igiyar kwakwar ta tsinke, ta ƙone. Tsagar da a da farce ba ya shiga ta buɗe, har na zura ɗan yatsana a ciki. Yatsa biyu ne suka yi mata haka. Ba wanda ya ambaci shida, ba wanda ya ambaci Manasa. Lavenia da ta fito da gudu ta tsaya ta toshe baki da hannu.

Unaisi ta koma ta ɗauki ƙoƙon madara. Na ga madarar tana kaɗawa tana zuba ta gefe, don hannunta rawa yake yi.

Apakuki ma ya gani. Ya daɗe yana kallon hannun.

"Tsufa ya kama ki, 'yar gwaggona," in ji shi a hankali. "Ko ƙoƙo ba kya iya riƙewa."

"Warinka ne yake juya mini kai. Je ka yi wanka."

Ya juyo ya dube ni. "Setariki, jiya na gan ka ka nufi gidanta."

"Gishiri na je ara."

"Kai da kake dafa gishiri ka raba wa ƙauye?"

Na sunkuya ina goge lakar ƙafata. Sai ya fashe da dariya, irin dariyarsa mai sa shi riƙe ciki, yana yi yana cewa wayyo kafaɗa. Ya cire gorar albarushi da jakar darma daga wuyansa, abin da al'ada ba ta ba ta ikon taɓawa ba, ya rataya mata da hannunsa.

"Haɗa duka, kin ci ni. Amma ki sani ba wayonki ba ne, bindigar ce ta ga 'yar uwarta mai tsagaggen baki ta bi ta."

"Gatarin ma ba za ka gan shi ba, don na riga ka gamawa." Ta miƙa masa ƙoƙon. "Shanye, kada ka mutu a gabana a ce ni ce."

Aladen kuwa rami muka haƙa masa kamar yadda kakanninmu suke yi, muka rufe da ganye. Kwana huɗu ya faɗa, muka gama shi da masu. Rabin doyar ta tsira. Ana buɗe ramin da muka gasa naman a ciki, Unaisi ta ɗora hannu a kan cinya mafi girma, ta tafi da ita.

Bindigar ta cire mata katako, ta gitta ƙarfen a kan duwatsun murhunta, tana ɗora tukunya. Shekara talatin da 'yan kai tana wurin. Duk ranar da Apakuki ya shiga gidan, murhun yake fara gaisarwa, ya ce, "Sannu da haƙuri, ni ma na san halinta." Ita kuma ta ce masa tun da aka ƙera bindigar nan sai yanzu take ciyar da mutane. Ya ga auren 'ya'yansa biyar, ya goya jikoki goma sha huɗu a kan wannan kafaɗa da ta sha duka. A kan tabarmarsa ya cika, da rana tsaka, hannunsa yana cikin nawa.

Ranar binnewa, mun kwantar da shi a kan tabarmi ana shirin naɗewa, sai ga Unaisi. Ta tsufa ƙwarai, ba ta gani sosai. Tana dogara da wani baƙin ƙarfe, sai da ta matso na gane shi. Mata masu kuka suka buɗa mata hanya. Ta durƙusa da ƙyar kusa da kansa.

"Ashe yau ka yi abin da na daɗe ina jira, ɗan kawuna. Shi ma ka makara, kamar ɗurin bindigarka."

Ta yi shiru, ta karkata kunne, kamar yadda ta saba jiran amsa. Duk ɗakin muka yi shiru tare da ita. Ni kaina, Allah ya sani, jira nake yi.

"Yau ba amsa?" in ji ta. "To, ka ci ni."

Ta ɗora ƙarfen a gefensa, ta kamo hannunsa na dama, ta lanƙwasa yatsunsa a kai ɗaya bayan ɗaya.

"Ga tsiyarka na dawo maka da ita. Ka riƙe da kyau wannan karon."

Da aka zo naɗe tabarmi, babban ɗansa ya sunkuya zai zare ƙarfen, ya ce zai yi wa masu ɗauka nauyi. Na riƙe masa hannu.

"Bar shi," na ce. "A hannunsa yake."